Kimiyyar Furen da aka Yanko: Yadda za a Tsawaita Kwanansa a Gida

Gabatarwa

Furen da aka yanko daga lambu, ko aka sayo domin biki ko gaida maras lafiya, yakan sunkuyar da kai cikin kwana biyu ko uku, alhali wasu irinsa, kamar wardi, suna iya kai mako guda ko fiye in sun sami kulawa. Mutane da yawa sukan ɗauka cewa fure ya mutu tun ranar da wuƙa ta raba shi da uwarsa. Binciken masana ilmin tsirrai ya nuna yana nan da rai: yana numfashi, yana shan ruwa, yana ƙona abincin da ya tara. Abubuwa uku ne suke gaggauta ajalinsa, wato ƙishirwa da yunwa da wata iska mai suna etilin. Wannan maƙala za ta duba su ɗaya bayan ɗaya, domin daga cikinsu ne dukkan dabarun kulawa suka fito.

Ƙishirwa a tsakiyar ruwa

A cikin karan kowane fure akwai wasu siraran bututu da ake kira zailem, waɗanda suke kai ruwa sama. A shekarar 1894, masana biyu na ƙasar Ailan, Henry Dixon da John Joly, suka bayyana cewa ruwan da yake fita ta ƙananan kafofin ganye shi ne yake jawo na ƙasa, kamar yadda ake jan guga da igiya. Saboda wannan ja, da zarar an yanke kara sai iska ta kutsa cikin bututun ta tare hanya. Bayan haka sai ƙwayoyin bakteriya su taru a bakin yankan su liƙe shi, kuma a cikin ɗumi wasunsu suna iya ninka yawansu cikin minti 20 zuwa 30. Shi ya sa ake ganin fure yana yaushi alhali yana tsaye cikin ruwa tsundum.

Maganin wannan ba shi da wuya. A yanki fure da sassafe, lokacin da jikinsa yake cike da ruwa, a tsoma shi cikin bokiti nan take. In kuwa sayowa aka yi, a sake datse santimita 2 zuwa 3 daga gindin karan, zai fi kyau a yi datsewar a cikin ruwa. A yi amfani da wuƙa mai kaifi, domin dakusasshen almakashi murƙushe bututun yake yi. A yanka a karkace don kada bakin ya zauna daram a gindin mazubi. A tsige duk ganyen da zai nitse, domin ruɓewarsa abinci ce ga bakteriya. Mazubin kuma a wanke shi da sabulu kamar kofin shan ruwa, a riƙa sauya ruwan bayan kwana biyu, a kuma ƙara datse karan a kowane karo.

Yunwa

Ganye ne yake haɗa wa tsiro sukari da taimakon hasken rana. Furen da yake cikin ɗaki, ga ƙarancin haske ga ƙarancin ganye, ba ya iya haɗa abin da zai ishe shi, don haka tohon da bai buɗe ba yakan bushe a rufe. Zuba sukari a ruwa yana taimakawa, amma sukari shi kaɗai bakteriya yake kiwatawa. Saboda haka sai a haɗa abu uku cikin lita 1 na ruwa: babban cokali 1 na sukari, babban cokali 2 na ruwan lemon tsami, da rabin ƙaramin cokali na ruwan bilic na wanki. Sukari ya ciyar, tsami ya sauƙaƙa hawan ruwa, bilic ya kashe ƙwayoyi. Sai dai a kiyaye: kada a haɗa bilic da lemon tsami kai tsaye, domin suna fitar da iskar kulorin mai guba. A zuba kowanne daban cikin ruwan, a kuma ajiye mazubin inda yara ba za su kai hannu ba.

Zafi yana ƙara wa yunwa ƙarfi. Ƙarin digiri 10 a ma'aunin Salshiyas yana ninka saurin numfashin tsiro sau biyu ko fiye, abincin ya ƙare da wuri. Wannan ne dalilin da ya sa wardin da ake nomawa a gaɓar tafkin Naibasha na ƙasar Kenya yake tafiya cikin sanyi tun daga gona har kasuwar furanni ta Aalsmeer a ƙasar Holan. A gida, a nisanta fure daga hasken rana na taga, da murhu, da saitin fanka. A lokacin hunturu, busasshiyar iska tana zuƙe ruwan ganye da sauri, sai a riƙa duba mazubi kullum.

Iskar da ba a gani

A shekarar 1901, wani ɗalibi ɗan ƙasar Rasha, Dimitry Neljubow, ya gano cewa etilin da yake cikin gas ɗin fitila ne yake sauya yadda tsiron wake na Turai yake girma. A 1934 kuma, Richard Gane a Ingila ya tabbatar cewa tuffa da kanta tana fitar da wannan iska. Etilin ita ce take nunar da 'ya'yan itace, shi ya sa 'yan kasuwa suke lulluɓe ayaba don ta nuna da wuri. Ga fure kuwa, saƙon tsufa ce: ɗan kaɗan daga cikinta ya isa ya sa wasu furanni su naɗe ko su kakkaɓe. Ayaba da mangwaro da tumatir masu nuna suna fitar da ita, haka ma hayaƙin taba da na janareta da na risho. Don haka kwanon 'ya'yan itace da mazubin fure ba sa zama teburi ɗaya. Furen da ya fara yaushi shi ma yana fitar da ita, sai a zare shi kafin ya shafi sauran.

Kammalawa

Waɗannan ƙa'idoji ba su tsaya ga furen ado ba. Alayyafo da latas da aka cire daga gona su ma suna da rai, kuma ƙishirwa da zafi da etilin ne suke lalata su. Mai sayar da ganye da yake yayyafa masa ruwa, ya rufe shi da jiƙaƙƙen buhu a inuwa, da wannan kimiyya yake aiki. Ɗalibin da yake son ya gani da idonsa yana iya ɗaukar kwalabe uku da furanni iri ɗaya: ɗaya ya sa ruwa zalla, ɗaya ruwa da sukari, ɗaya haɗin nan mai abu uku, sannan ya riƙa rubuta abin da ya gani kowace safiya har mako guda.