Yadda Za Ka Shawo Kan Ɗafa-ƙeyar Suna a Turkanci

Ko ɗalibi ne kai da ya samu gurbin karatu a Turkiyya, ko ɗan kasuwa mai sarin kaya a Istanbul, tsawon kalmomin Turkanci ne zai fara rikita ka. Dalili kuwa shi ne, abin da Hausa ke ajiyewa kafin suna, irin su "a" da "daga" da "zuwa", Turkanci a ƙeyar sunan yake liƙa shi.

Fara da mallaka, domin nan Bahaushe ba baƙo ba ne. *Ev* shi ne gida. *Evim* gidana, *evin* gidanka ko gidanki, *evi* gidansa ko gidanta, *evimiz* gidanmu, *eviniz* gidanku, *evleri* gidansu. Ka huta da batun jinsi, harshen bai raba namiji da mace ba.

Sai ɗafin da ke nuna matsayin suna a jimla: *eve* zuwa gida, *evde* a gida, *evden* daga gida, *evi gördüm* na ga gidan, *evin kapısı* ƙofar gidan.

Abin da ya fi haddar jadawali amfani shi ne sanin jeri, don ba ya sauyawa: suna, jam'i, mallaka, sannan matsayi. Idan doguwar kalma ta tare ka, warware ta daga ƙarshe. A *evlerimizden*, *-den* daga, *-imiz* namu, *-ler* jam'i, *ev* gida: daga gidajenmu.

Kula da wasalin ƙarshe na sunan, shi ke zaɓar wa ɗafi murya. Bayan e, i, ö, ü a ce *-de*. Bayan a, ı, o, u a ce *-da*, kamar *okulda*, a makaranta. In sunan ya ƙare da ç, f, h, k, p, s, ş ko t, sai d ta koma t: *kitapta*, a littafi. In kuma wasali ne ya biyo, p ɗin *kitap* kan koma b: *kitabım*, littafina.

Tarko biyu ke kama masu koyo. Tsakanin *evi* da *-de* ana cusa n, a ce *evinde*, wanda ke iya nufin a gidansa ko a gidanka; zancen ne zai fayyace. Sunayen mutane da garuruwa kuma ana raba su da ɗafinsu da waƙafin sama: *Ankara'da*, *Kano'dan*.

Kullum ɗauki suna biyu, ɗaya irin *ev*, ɗaya irin *okul*, ka bi da su duk ɗafe-ɗafen nan da babbar murya, har kunnenka ya riƙa zaɓar wasalin kafin ka tuno da doka.