Ƙarfe Mai Asiri a Tunanin Bahaushe: Nazari Daga Birnin Katsina

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda Bahaushe yake jingina wa ƙarfe asiri, tare da kafa hujja da kayan sarautar Katsina da al'adun maƙera. An gano cewa a wurinsa asirin ƙarfe yana fitowa ne daga hannun da ya ƙera shi da kuma tarihin da ya ratsa.

1.0 Gabatarwa

Tun fitowar Dungeons & Dragons a Amurka a 1974, wasan da ake zama a teburi kowa ya hau matsayin wani jarumi a ƙagaggiyar duniya, masu tsara irin waɗannan wasanni suke ƙago ƙarafa masu sihiri. Fitacce a ciki shi ne mithril, wanda suka aro daga littattafan Tolkien, marubucin Ingila: ƙarfe mai hasken azurfa, marar nauyi, mai tsananin tauri. A can, sihirin yana cikin jinsin ƙarfen tun daga ma'adini. Marubucin Hausa da ya kwafo wannan tsari zai bar na gida, wanda ya sha bamban.

2.0 Rabe-raben Ƙarafa

Bahaushe ya raba ƙira gida biyu. Maƙeran baƙi suna sarrafa baƙin ƙarfe, wanda a da ake narkowa daga tama, su ƙera fartanya da wuƙa da takobi. Maƙeran fari kuwa suna aiki da azurfa da tagulla, su yi zobe da munduwa da kayan adon doki. Duk waɗannan ƙarafa ana sayen su a kasuwa. 

3.0 Mafarin Asiri

Mafari na farko shi ne maƙeri. An yi imani cewa zuriyar maƙera ta gaji maganin wuta, shi ya sa a wajen bukukuwa suke wasa da jan ƙarfen da aka ciro daga wuta. A labarin Bayajida ma, maƙeran Gaya ne suka ƙera wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura.

Na biyu shi ne tarihi. Gajere, takobin da ke cikin kayan sarautar Katsina, ruwayar baka ta nuna da shi Korau ya yanka Sanau, sarkin Durɓawa na ƙarshe, bayan ya kayar da shi a kokawa. Ruwayar ta ƙara da cewa sai da aka raba Sanau da layunsa kafin ƙarfe ya kama shi. Darajar Gajere ke nan ta samu daga aikin da ya yi da sarakunan da suka gaje shi.

Na uku shi ne makari. 'Yan tauri suna shan magani domin kada wuƙa ta ci jikinsu. Wato kowane ƙarfe yana da abin da ke karya kaifinsa, kowane tauri kuma yana da laƙanin da ke warware shi.

4.0 Kammalawa

Mai tsara wasa ko labari a kan ƙasar Hausa ya kamata ya tambayi abu uku game da kowane makami: wa ya ƙera shi, me ya taɓa aikatawa, mene ne makarinsa. Amsoshin suna bakin tsofaffin maƙera, ga shi kuma narkar da tama ta kau, tsofaffin ƙarafan mota sun maye gurbinta. Wajibi ne manazarta su taskace wannan ilimi tun masu shi suna raye, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.