Tsohuwar Mota Mai Ɗaki: Darasi A Kan Tankin Ruwa Da Bututunsa

Tun kafin mota ta shigo ƙasarmu matafiyi ba ya wasa da zancen ruwa. Fataken da su ke bin hanyar Kukawa zuwa Kano ta Katagum, watau hanyar da Clapperton da Oudney suka biyo cikin Janairu 1824, ba su tashi daga zango sai sun cika salkunansu. Kowane madugu kuwa ya sani, in salka ta tsufa takan ɓata ruwa, ko da daga rijiya mai daɗi aka ɗebo shi. To, kan darasinmu ke nan: ruwa ba ya fin mazubinsa tsabta.

A Turai da Amurka akwai wata irin mota mai ɗaki a ciki, da gado da murhu da wurin wanka da makewayi. Iyali sukan shiga su yi makonni suna yawo, nan ne ci, nan ne kwana. An fara mai da ƙananan motocin Volkswagen haka a Jamus cikin 1951, kamfanin Winnebago na Amurka kuma ya soma ƙera manya cikin 1966. A ƙasar Katagum ba safai a ke ganin irinta ba. Amma motar asibiti mai zaga ƙauyuka 'yar'uwarta ce, kuma duk cutar da ke kama tankinta tana kama tankunan makarantunmu na Azare da Gamawa da Shira.

Yadda aka shirya ruwanta

Babbar mota mai ɗaki tana da tanki uku. Na fari na ruwan sha ne, na biyu na ruwan wanka da wanke-wanke da aka zubar, na uku na makewayi. Lalle ne kada bututun na fari ya haɗu da na sauran biyun ko kaɗan. Wani ɗan inji mai aiki da baturin mota shi ke jawo ruwa daga tanki ya tura shi famfo. In an buɗe famfo sai ya tashi, in an rufe sai ya tsaya da kansa.

Abin da tsufa ke yi

Na ɗaya, tsatsa. Tankunan da na ƙarfe ne, an shafe su da tutiya don ta tsare su. In tutiyar ta cinye sai ruwa da iska su kama ƙarfen. Alamarsa jan ruwa da ɗanɗanon ƙarfe, daga nan sai yoyo.

Na biyu, dalma. Da can da ita a ke liƙe gaɓoɓin bututun jan ƙarfe, har aka hana haka a bututun ruwan sha a Amurka cikin 1986. Dalma takan narke kaɗan kaɗan cikin ruwan da ya kwana, ba ta da launi, ba ta da wari, ga shi kuwa tana lalata ƙwaƙwalwar yara. Mun ga ƙarfin gubarta a Zamfara cikin 2010, sa'ad da ƙurar duwatsun zinariya masu dalma ta kashe yara fiye da 400.

Na uku, tsagewa. Ruwa in ya daskare yakan ƙara girma da kamar kashi 9 cikin 100, saboda haka motar da ta sha hunturun Turai sau da yawa tana zuwa da ɓoyayyen tsagu a bututunta. A nan kuwa zafin bazara ne ke busar da tsohuwar roba har ta farfashe.

Yadda a ke sabuntawa

Da fari a zubar da ruwan duka, a cire wayar baturi. Kafin a kwance kome, a zana hoton hanyar bututun a takarda, don kada a ruɗe wajen mayarwa.

Sa'an nan a sa sabon tanki na roba, irin wanda aka yi musamman don ruwan sha. Kada araha ta ruɗi kowa ya ɗauki durom da aka taɓa zuba mai ko maganin ƙwari a ciki, gama wanki ba ya raba shi da gubar. A zaɓi wanda haske ba ya ratsawa, ko kuwa a ɓoye shi daga rana, domin haske ne ke raya gansakuka.

A tuna da nauyi. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, watau tanki mai cin lita 100 daidai ya ke da babban buhun gero. A girka shi ƙasa ƙasa tsakanin ƙafafun gaba da na baya, a ɗaure shi tam. In an ɗora shi bisa, mota na iya kifewa a kwana.

Kada a manta da bututun iska a saman tanki. Kowa ya san gwangwanin madara ba ya zuba sosai sai an yi masa huda biyu, ɗaya madara ta fita, ɗaya iska ta shiga. Haka tanki ya ke. Sai dai a rufe bakin bututun da raga saboda ƙura da sauro.

Bututu kuma a sake shi gaba ɗaya da sabo na roba. Facin sabo a jikin tsoho aikin baban giwa ne, yau a toshe nan, gobe can ya ɓalle.

Daga ƙarshe a wanke. A cika tankin, a zuba ruwan wanki mai kulorin, irin su Hypo ko Jik, kamar rabin kofin shayi ga lita 100. A buɗe kowane famfo har a ji warinsa, a rufe, a bar shi awa 4. Sa'an nan a zubar, a ɗauraye da ruwa mai kyau har warin ya ɓace. Ruwan wankin nan ba na sha ba ne. Bayan haka a rufe famfo duka a kasa kunne. In injin ya tashi shi kaɗai, to, akwai yoyo a wani wuri, a bi gaɓa gaɓa da busasshen tsumma har a same shi.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu za a tura su makarantun ƙauye, inda ran yara ɗari ko fi ke rataye a tanki guda. Ranar da ka kama aiki, hau ka leƙa cikinsa, ka duba murfinsa, ka tambayi rabonsa da wanki. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Don me ba a haɗa bututun ruwan sha da na wanke-wanke?
2. Kilo nawa ne nauyin ruwan tanki mai cin lita 250?
3. Gwada zuba ruwa daga gwangwani mai huda ɗaya, sa'an nan mai huda biyu. Rubuta abin da ka gani da dalilinsa.