WA ZAI TSAYA WA JAKI? Darasi kan masu jagorancin kare haƙƙin dabbobi



'Yan uwa, da zarar an ambaci ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi, amsar mutanenmu a shirye take: "Wanga aikin Turawa ne da sunka ƙoshi. Mutum ma bai samu haƙƙinai ba, balle jaki." Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin mun ga ƙasashen da ke kuka kan kare alhali suna kallon ana zubar da jinin mutane. Amma laifinsu ba ya sauke mana namu nauyin. Mu duba su wane ne suka fara irin wannan ƙungiya, daga ina suka fito, sannan mu tambayi kanmu su wa ya kamata su riƙe ta a nan.

Ƙungiyar da ake lissafawa a matsayin mafi daɗewa a wannan fage an kafa ta a Landan a 1824, ita ce aka sani yau da RSPCA. Wanda ya tara mutanen wani limamin coci ne, Arthur Broome. Akwai Richard Martin, ɗan majalisa daga Ailan, wanda ya yi ta fafutuka har aka yi dokar hana azabtar da shanu da dawakai a 1822. Akwai William Wilberforce, wanda ya shahara da yaƙi da cinikin bayi. Akwai kuma wani Bayahude mai suna Lewis Gompertz. Ba wanda aka ɗauka aiki a cikinsu. Broome da kuɗin aljihunsa ya biya mai zagaya kasuwar dabbobi yana duba yadda ake mu'amala da su, kuma da bashi ya yi wa ƙungiyar katutu, shi aka kai gidan yari a 1826.

Ku lura da haɗin: malamin addini, mai yin doka, da mai zagaya kasuwa. Ba su ajiye aikin a hannun masu son kyanwa kawai ba.

To mu fa? Wallahi abin da ya kai su ga yin doka a 1822, mu yana cikin littattafan da ake karantawa a zaure. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ga jakin da aka yi wa lalas a fuska, ya tsine wa wanda ya yi. Abu Dawuda ya kawo labarin raƙumin da ya zubar da hawaye a gabansa, ya kira mai shi ya yi masa faɗa kan yunwa da wahalar da yake ba shi. A fiƙihunmu na Malikiyya, Muhtasar ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita idan babu makiyaya, in ya ƙi a tilasta shi ya sayar. Halifa Umar ɗan Abdul'aziz kuwa da ya ji ana ɗora wa raƙuman dako a Masar kaya har riɗili 1000, ya rubuta takarda cewa kada a wuce 600. Wannan ba wa'azi ba ne, umarnin hukuma ne mai adadi. Daga baya malaman hisba suka sa hana yi wa dabba lodi fiye da ƙima cikin aikin mai kula da kasuwa.

Ashe ba nassi muka rasa ba. Mutanen da za su tsaya muka rasa.

Ku je kara ranar kasuwa ku ga yadda ake cusa shanu a tirela, an ɗaure ƙaho an karya wuya, za a yi da su kwana da kwanaki zuwa Legas ba ruwa. Ku dubi jakin da ke ɗauko yashi ko itace, a ɗaga akumari a ga gyambo yana ruwa, a mayar a ɗora mangala. Ga kaji an ɗaure ƙafafu an rataya a babur kai a ƙasa. Ga shanun huɗa a fadama tun asuba har rana ta take. Mai yin wannan sau da yawa yana sahun farko a masallaci, kuma bai taɓa jin cewa akwai hisabi a kai ba. Wannan gefen laifin na masu mumbari ne.

Yanzu su wa za su jagoranta? A ganina, idan aka kafa irin wannan ƙungiya a Ambursa ko Birnin Kebbi aka cika ta da 'yan boko masu neman tallafin waje, ba za ta kai shekara ba. Dillali ba zai saurari wanda bai taɓa riƙe igiyar sa ba. Shugabannin suna nan tuntuni, sarautunsu ma na nan. Sarkin Fawa ya san mahaucin da ke wasa wuƙa a gaban dabba da wanda ke fara fiɗa kafin rai ya gama fita. Shugaban dillalai da na masu lodi su ne za su iya cewa mota kaza ba ta ɗaukar fiye da kaza. Ardo ya san ciwon saniya tun kafin ta kwanta. Likitan dabbobi, ga su nan ana yaye su a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, shi zai faɗi abin da jiki ke iya ɗauka. Aikin liman shi ne ya gaya masu cewa wannan ibada ce. An taɓa yin limamin da ya ɗauki abin da gaske: Alhafiz Bashir Masri, haifaffen Indiya, wanda ya yi limanci a masallacin Woking a Ingila, ya rubuta littafi sukutum kan dabbobi a Musulunci.

Kuma kada wani ya ce mutanenmu ba sa bin irin wannan tsari. Ga Argungu nan kusa. Matan Fada ana hana su a cikinsa sai lokacin da aka buɗe, Sarkin Ruwa na kula, masunta na kiyayewa, shi ya sa kifi ke samun girma. Ba ina magana kan al'adun da ke kewaye da bikin ba, wannan bahasi ne na daban. Abin da nake nunawa shi ne idan mai sana'a ya kafa wa 'yan uwansa iyaka, ana bi.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne jaki. Ana sayen fatarsa ana kai wa Sin don haɗa wani magani, har ta kai ana yanka jakai fiye da yadda suke haihuwa, ga shi jaka tana ɗaukar ciki kusan shekara guda ta haifi ɗaya. Nijar ta hana fitar da jakai tun 2016. A watan Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka su don fata a duk nahiyar. Amma doka a Adis Ababa ba ta tsare jakin da ke turke a ƙauye. Idan ya ƙare, wa zai ɗauko wa gwauruwa ruwa, wa zai kai takin talaka gona? Kun ga a nan haƙƙin jaki da haƙƙin mutum sun haɗu a igiya ɗaya.

Sharaɗi biyu zan sa wa duk wanda zai shiga gaba. Na farko, ya zama yana da sana'ar da yake ci da ita, don kada ƙungiyar ta koma wurin neman abinci. Na biyu, a fara duba turken gidansa. Sannan a fara da ƙaramin abu da za a iya gani: kwamin ruwa a kara, da yarjejeniyar cewa jaki mai gyambo ba ya ɗaukar kaya sai ya warke. Wanda ke da kusanci da Sarkin Fawa ko shugaban dillalan garinsu, ya kai masa wannan rubutu ya karanta masa, mu ji me za su ce.

Wallahu a'alam.