Darasi na Tara: Renon Kiristal daga Furotin na Tantanin Ƙwayar Halitta

Manufa

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya bayyana wannan batu na kimiyya da Hausa, ta hanyar misalan da yara suka saba da su.

Gabatarwa

Kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da siririn tantani na maiƙo. A jikin tantanin akwai furotin masu aikin ƙofa: su shigar da abinci, su fitar da datti, su karɓi saƙo. Magunguna da yawa a kansu suke aiki, don haka masu haɗa magani ke buƙatar sanin siffarsu.

Yadda Ake Renon Kiristal

Kiristal shi ne abin da ƙwayoyinsa suka jeru sahu-sahu bisa tsari ɗaya, kamar gishiri. Idan aka haska shi da hasken eksire, yanayin warwatsuwar hasken ke nuna siffar ƙwayoyin.

Matsalar ita ce furotin na tantani ba ya shiri da ruwa. Da zarar an raba shi da maiƙo sai ya cure ya lalace. Saboda haka akan ciro shi da sinadari dangin sabulu, wanda ke rufe sashensa mai gudun ruwa. Daga nan a ɗiga shi cikin ruwan gishiri, a rufe, ruwan ɗigon ya riƙa raguwa sannu a hankali har kiristal ya fito, bayan kwanaki ko makonni.

A 1982 Hartmut Michel na Jamus ya samu kiristal mai inganci daga furotin na wata bakteriya. An gano siffarsa a 1985, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1988 tare da Johann Deisenhofer da Robert Huber. A 2020 kuma, ta wannan hanya aka gano siffar ƙofar da ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro ke shan sukari da ita. In magani ya toshe ƙofar, yunwa ta kassara ƙwayar.

A Cikin Aji

Malamin da aka tura Rurum Sabon Gari ba sai ya jira ɗakin gwaji ba. Ya narkar da gishiri a faranti biyu, ɗaya a rana, ɗaya a inuwa. Na inuwa ya fi jinkiri, amma ƙwayoyinsa sun fi girma. Sannan ya zuba man gyaɗa a ruwa, ya sa sabulu ya girgiza, yara su ga yadda suka haɗu.

Auna Fahimta

1. Me ya sa furotin na tantani ke wuyar zama kiristal?
2. Wace kalmar Hausa za ta iya maye gurbin "kiristal"? Kawo hujja.