Amsoshin Tambayoyinku: Ciwon hanji nake yi, me ya kawo gwajin tarin fuka?

TAMBAYA: Na daɗe ina fama da gudawa mai jini da majina. An yi ta ba ni maganin atuni amma shiru, har aka zura min kyamara a hanji aka ce gyambon babban hanji ne, irin wanda garkuwar jiki ke haddasawa. Ƙwayoyin da nake sha sun daina aiki. Yanzu likita yana so ya ɗora ni a kan wani magani mai suna infliximab, amma ya ce sai an yi min gwajin tarin fuka tukuna. Ni ko tari ba na yi. Anya ba ɓarnar kuɗi ba ce? Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Malam, Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Likitanka yana kan daidai, kuma da zai sa maka wannan magani ba tare da gwajin ba, da na ce ka nemi wani likitan.

Ciwonka da ɗan'uwansa, cutar Crohn, garkuwar jiki ce take afka wa hanjin mai ita. Naka yana tsayawa a babban hanji, na Crohn kuwa yana iya ɓulla ko'ina daga baki har dubura. Don haka yawancin magungunansu aikinsu kwantar da garkuwar ne. Tun a 1955 likitoci biyu na Ingila, Truelove da Witts, suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa majiyyata fiye da 200: wasu aka ba su kotizon, wasu aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta, sai waɗanda suka sha kotizon suka fi samun sauƙi. Matsalar kotizon ita ce ba a zama a kansa, domin yana rage ƙarfin ƙashi, yana kawo ciwon suga da hawan jini.

Infliximab ya fi shi saiti. Wani sinadari guda yake toshewa mai suna TNF, wanda ke rura kumburin. Amurka ta amince da shi a 1998 don cutar Crohn, sannan a 2005 don irin ciwonka, bayan manyan gwaje-gwaje biyu da kowannensu ya ƙunshi mutum 364. Ta jijiya ake ba da shi kamar ƙarin ruwa: ranar farko, sai mako na 2, sai na 6, daga nan kowane mako 8.

To ina tarin fuka ya shigo? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya ƙwayar tarin fuka ta taɓa shiga jikinsu. Mafi yawansu lafiyarsu ƙalau, ba tari ba rama, saboda jiki ya killace ƙwayar ya zagaye ta da katanga. TNF na cikin abin da ke riƙe da katangar. In aka toshe shi tana iya zubewa, ƙwayar ta fito ta bazu.

Gwaje-gwajen farko ba su nuna girman wannan haɗari ba. Sai da maganin ya shiga kasuwa, dubban mutane suka karɓa, sannan a 2001 aka wallafa rahoton mutum 70 da tarin fuka ya tashi a jikinsu bayan sun fara shi, yawanci cikin watannin farko. Fiye da rabinsu cutar a wajen huhu ta bayyana, wato rashin tari ba hujja ba ne. Kuma mafi yawansu mazauna ƙasashen da tarin fuka bai yi yawa ba ne. Najeriya kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi fama da shi a duniya, ka ga mu ne muka fi kowa buƙatar wannan taka-tsantsan.

Akwai dalili na biyu. Tarin fuka da kansa yana kama hanji, ya yi kama da cutar Crohn sosai har ya rikita ƙwararru. Atunin amiba ma yana kwaikwayon ciwonka, kuma kotizon yana tsananta shi, shi ya sa ake maimaita gwajin bahaya.

Abin da za a yi maka ba mai wahala ba ne: hoton ƙirji, da gwajin fata ko na jini. Ka gaya wa likita in kana shan kotizon, domin yana iya sa gwajin ya nuna babu alhali akwai. Ka faɗa masa kuma in wani a gidanku ya taɓa yin tarin fuka. Za a duba ciwon hanta nau'in B, shi ma maganin yana iya tayar da shi. In an ga ƙwayar tarin fuka tana kwance, sai a fara ba ka maganinta na wasu watanni, a ɗora infliximab daga baya. Akwai kuma wani maganin, vedolizumab, wanda ya fito a 2014, aikinsa ya fi tsayawa a hanji, sai dai tsada da wuyar samu.

Ko bayan ka fara, in ka ga zazzaɓi ya ƙi tafiya, ko zufan dare, ko rama, kada ka jira ranar ganin likita. Ka je a yi gwajin, Malam, kuma kada ka daina ƙwayoyin da kake sha sai da izinin likitanka.