Babi na Tara: Ƙwayoyin T Mataimaka da Cututtukan Tawayen Garkuwar Jiki

9.1 Gabatarwa

Aikin garkuwar jiki shi ne kare mutum daga ƙwayoyin cuta. Amma akan samu lokacin da takan kasa bambance baƙo da ɗan gida, sai ta auka wa fata ko gaɓɓai ko hanji. Wannan darasi zai duba ƙwayoyin da ke rura wannan wuta, da yadda ake shawo kansu.

9.2 Ƙwayoyin T Mataimaka

Waɗannan wani rukuni ne na fararen ƙwayoyin jini. Tushensu ɓargo ne, amma a taimos suke balaga, wato wata 'yar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji. Aikinsu shi ne aika saƙon sinadarai da ke umartar sauran ƙwayoyi su kai farmaki. A 1986 Mosmann da Coffman suka kasa su gida biyu: Th1 da Th2. A 2005 aka tabbatar da wani kashi, Th17, mai fitar da sinadarin IL-17. Idan sinadarin ya yi yawa yakan haddasa kumburi, kamar yadda ake gani a cutar soriyasis mai sa fata kauri da ɓawo, da wani nau'in amosanin ƙashin baya.

9.3 Hanyar Magani

Tsofaffin magunguna sukan danne garkuwar baki ɗaya, sai majiyyaci ya kamu da wasu cututtukan, garin neman gira a rasa ido. Sabuwar dabarar ita ce a toshe saƙo guda kawai. A 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da secukinumab, allurar da ke kama IL-17, don maganin soriyasis.

Sai dai akwai hattara. IL-17 na kare baki da fata daga funfuna, don haka wasu masu karɓar allurar sukan yi fama da ita. Haka kuma, da aka gwada maganin a kan cutar kumburin hanji ta Crohn, bai yi amfani ba, har ma ya tsananta ciwon wasu, domin sinadarin na taimakawa wajen tsare bangon hanji.

9.4 Kammalawa

An ga cewa sinadari ɗaya kan zama illa a wata gaɓa, ya zama kariya a wata. Saboda haka wajibi ne likita ya tantance cutar da gaɓar da ta shafa kafin ya zaɓi magani.

9.5 Auna Fahimta

1. Mene ne aikin ƙwayoyin T mataimaka?
2. Me ya sa toshe IL-17 ya yi amfani a fata, bai yi a hanji ba?